Yadda Ake Auna Tazarar Rukunai Kafin Kasafta Hoton Tauraron Ɗan'adam

Duk wanda ya taɓa shafe yini yana shata samfuran daji da gona da ruwa a kan hoton tauraron ɗan'adam, sannan ya umarci manhaja ta kasafta masa hoton, ya san irin takaicin da ake ji idan taswirar ta fito aka tarar rufin gidaje ya koma fako, makiyaya kuma ta shige cikin gonaki har ba a gane iyakarsu. Akwai hanyar sanin hakan zai faru tun kafin a danna maɓallin kasaftawa, wato a auna da lissafi irin nisan da ke tsakanin kowane rukuni da ɗan'uwansa. Aikin bai fi na awa guda ba idan hannu ya faɗa, kuma yakan ceci mutum daga ɓarnar kwanaki. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: lambar da za ka samu hukunci ce a kan samfuran da ka shata, saboda haka ingancinta ba zai taɓa wuce ingancinsu ba.

Kayan aiki

Da farko kana buƙatar hoto mai zanguna da yawa. Zango shi ne abin da manhajoji ke kira band, wato wani yanki na bakan haske da na'urar tauraron ke ɗauka shi kaɗai, kamar shuɗi ko kore ko ja ko infurared. Hotunan Landsat 8, wanda aka harba a 2013, da Landsat 9 na 2021, suna da fiksel, wato ɗigon hoto mafi ƙanƙanta, mai faɗin mita 30, kuma ana sauke su kyauta daga shafin EarthExplorer na hukumar USGS ta Amurka. Sentinel-2 na shirin Copernicus na Tarayyar Turai, wanda tauraronsa na farko ya tashi a 2015, yana da zanguna 13 masu faɗin mita 10 da 20 da 60, shi ma kyauta ne.

Sai manhaja. Mai lasisin ENVI ko ERDAS Imagine zai sami ma'aunan a shirye. Wanda ba shi da kuɗin lasisi ya sauke QGIS ya ƙara mata Semi-Automatic Classification Plugin na Luca Congedo, wanda aka fi sani da SCP. Wanda ya iya Python ko R kuwa, layukan da ba su kai ashirin ba sun ishe shi ya rubuta lissafin da kansa, kuma ni na fi son wannan hanya domin mutum yana ganin duk abin da ke gudana a ciki. Na uku shi ne shaidar abin da ke ƙasa: wuraren da aka taka aka ɗauki matsayinsu da GPS, ko in hakan bai samu ba, hoto mafi kaifi irin na Google Earth wanda kwanan watansa ya yi kusa da na hotonka. Ka ajiye kalkuleta da takarda a gefe, za mu yi amfani da su a mataki na shida.

Mataki na 1: Shirya hoton

Ka sauke hoton da aka riga aka tace daga tasirin iska da ƙura, wanda kowace lamba a cikinsa ke nuna kason hasken da doron ƙasa ya mayar. A Landsat wannan shi ne Collection 2 Level 2, a Sentinel-2 kuma Level-2A. Lambobin da ke cikin fayil ɗin ba su ne ainihin kason ba. A Landsat za ka ninka kowace lamba da 0.0000275 sannan ka debe 0.2. A Sentinel-2 ana raba lambar da 10,000, amma hotunan da aka sarrafa daga 25 ga Janairun 2022 an ɗora musu ƙarin 1,000 wanda dole a fara debewa. Wanda ya haɗa samfurin hoton 2021 da na 2023 bai lura da wannan ƙari ba, zai ga tazara mai faɗi tsakanin daji da daji, alhali bambancin duk na rumbun ajiya ne.

Ka rufe gajimare da inuwarsu da shimfiɗar QA_PIXEL a Landsat ko SCL a Sentinel-2. Ka mayar da dukkan zangunan zuwa faɗin fiksel ɗaya, ka ajiye na mita 60 a gefe domin an yi su ne don nazarin iska, sannan ka tara sauran cikin fayil guda.

Mataki na 2: Tsara rukunai da shata samfura

Rukunin da mutum ke so a taswira da rukunin da na'ura ke gani ba lallai su zama ɗaya ba. Kai kana cewa "gona", na'urar kuwa tana ganin gonar da aka huɗa ba a shuka ba, da wadda ta yi kore shar, da wadda aka girbe, kuma waɗannan ukun sun fi nisa da juna fiye da yadda koriyar gona ta yi nisa da makiyaya. Saboda haka ka shata su daban-daban, daga baya ka haɗe su a taswirar ƙarshe.

Yawan fiksel yana da ƙa'ida. Idan zangunanka n ne, lissafin ba zai ma yiwu ba sai kowane rukuni yana da aƙalla n + 1. Wannan ƙasan ƙasa ke nan. Abin da aka saba bi shi ne ninki goma na yawan zanguna a matsayin mafi ƙaranci, ninki ɗari kuma idan hali ya yi. Mai zanguna shida na Landsat zai nemi fiksel 60 zuwa 600 ga kowane rukuni. Sai dai fiksel 600 da aka ɗebo daga fili guda ba su kai darajar 200 da aka tsinto daga filaye goma a sassa daban-daban na hoton ba, domin maƙwabtan fiksel kusan abu ɗaya suke faɗa, kuma idan duk daga wuri ɗaya suka fito za su nuna maka rukunin ya fi yadda yake tattaruwa. Ka guji bakin iyaka inda fiksel guda ke ɗauke da rabin hanya da rabin ciyawa. Tun yanzu kuma ka ware wasu wurare ka kulle su, kada su shiga horo ko awon tazara, da su za a gwada taswirar a ƙarshe.

Mataki na 3: Dubi histogiram kafin kowane lissafi

Mafi yawan masu koyo tsallake wannan suke yi, alhali a kansa komai ya tsaya. Ma'aunan da za mu yi amfani da su duk sun ɗauka cewa fiksel ɗin kowane rukuni sun bi rabon Gauss, wato sun taru a tsakiya sun yi tozo ɗaya, suna raguwa daidai ta hagu da dama. Ka buɗe histogiram, wato zanen da ke nuna yawan fiksel da ke da kowace lamba, na kowane rukuni a kowane zango. Idan ka ga tozo biyu, rukunai biyu ka cusa cikin suna ɗaya, kamar ruwa mai zurfi da ruwa mai laka, kuma matsakaicin da manhaja za ta fitar zai faɗa ne a kwarin da ke tsakanin tozayen, inda kusan babu fiksel ko ɗaya. Ka raba shi biyu ka sake dubawa. Idan kuma jela ce doguwa ta miƙe gefe guda, yawanci wani samfuri ne ya taɓa inuwa ko gefen gajimare, sai ka nemo shi ka gyara.

Mataki na 4: Fitar da matsakaici da jadawalin kobariyans

Ga kowane rukuni ana buƙatar abu biyu. Na farko jerin matsakaita, ɗaya ga kowane zango, wanda ake rubuta shi da alamar μ. Na biyu jadawalin kobariyans, Σ, mai layuka n da ginshiƙai n. Lambobin da ke kan layin da ya ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa suna nuna warwatsuwar kowane zango, sauran kuma suna nuna yadda zanguna biyu ke tashi da sauka tare. Idan ka zana fiksel ɗin rukuni guda a takarda, ja a kwance infurared a tsaye, za ka ga sun yi curi mai siffar ƙwai. Matsakaici shi ne tsakiyar ƙwan, kobariyans kuma shi ke faɗin tsawonsa da kaurinsa da gefen da ya karkata.

Lissafin da ke gaba yana buƙatar a juya wannan jadawali, wato a samo Σ⁻¹, kuma ba kowane jadawali ke juyuwa ba. Idan manhaja ta ƙi aiki ko ta fitar da lamba marar kan gado, ka bincika abu uku: ko fiksel sun yi kaɗan, ko wani zango ya ba da lamba ɗaya tak a duk samfurin kamar yadda yakan faru da ruwa mai tsabta ko rufin da ya cika na'urar da haske, ko kuma ka saka wata shimfiɗa da ba komai ba ce illa jimilla ko bambancin wasu zanguna da suke ciki tun farko.

Mataki na 5: Zaɓi ma'auni

Mafi sauƙi shi ne tazarar Yuklid, wato miƙaƙƙen nisa daga tsakiyar curi zuwa tsakiyar curi. Aibinta shi ne ba ruwanta da warwatsuwa. Rukunai biyu na iya yin nisa a tsakiya amma gefunansu sun shige cikin juna sosai, wasu kuma su yi kusa amma kowanne ya tattaru ƙam har ba sa taɓa juna. Ga zango guda akwai gyara mai sauƙi da Kaufman da Remer suka yi amfani da shi a 1994, wato ma'aunin M: ka raba bambancin matsakaita biyun da jimillar karkatarsu (σ, ma'aunin yadda fiksel ke nisa da matsakaici), M = |μ1 − μ2| / (σ1 + σ2). Idan ya haura 1 zangon yana raba su da kyau. Yana da amfani wajen leƙen farko, amma zango ɗai-ɗai yake dubawa.

Na gaba shi ne daibajans, wanda tushensa ke cikin aikin Harold Jeffreys na 1946 da na Kullback da Leibler na 1951. Yana lura da matsakaici da kobariyans duka:

D = ½ tr[(Σ1 − Σ2)(Σ2⁻¹ − Σ1⁻¹)] + ½ tr[(Σ1⁻¹ + Σ2⁻¹)(μ1 − μ2)(μ1 − μ2)ᵀ]

inda tr ke nufin jimillar lambobin layin kusurwa. Matsalarsa ita ce ba shi da iyaka ta sama. Yiwuwar kasafta fiksel daidai ba ta wuce ɗari bisa ɗari, amma D zai ci gaba da hawa muddin rukunan na ƙara nisa, ta yadda tazarar ruwa da yashi za ta kai ɗaruruwa ta danne duk wani matsakaici da aka ɗauka, ta ɓoye cewa gona da makiyaya a cakuɗe suke. Masu bincike a jami'ar Purdue ta Amurka, cikinsu har da Philip Swain, sun yi masa linzami a farkon shekarun 1970 da abin da ake kira sauyayyen daibajans, TD = 2(1 − e^(−D/8)), wanda ke tsakanin 0 da 2.

Ɗaya reshen ya fito ne daga masanin ƙididdigar nan na Indiya, Anil Kumar Bhattacharyya, a 1943. Idan Σ shi ne matsakaicin jadawalan biyu, wato (Σ1 + Σ2)/2, to

B = ⅛ (μ1 − μ2)ᵀ Σ⁻¹ (μ1 − μ2) + ½ ln[ |Σ| / √(|Σ1| |Σ2|) ]

Kashin farko tazarar tsakiya ce da aka auna da ma'aunin warwatsuwa, irin wadda Mahalanobis ya gabatar a 1936, kashi na biyu kuma bambancin siffar curin biyu ne, inda ln ke nufin logaridim, |Σ| kuma ditaminan ɗin jadawalin. Daga B ake samun tazarar Jeffries-Matusita, JM = 2(1 − e^(−B)), ita ma daga 0 zuwa 2. Sunan farko na Jeffreys ɗin da muka ambata ne, rubutun ne ya sauya a hannun masu wannan fanni ya zauna haka. Na biyun kuma Kameo Matusita ne na Japan.

Idan aka tambaye ni, JM nake zaɓa, kuma dalilina shi ne alaƙarta kai tsaye da kuskure. Idan rukunai biyu suna da damar bayyana daidai wa daida, kuma sun bi rabon Gauss, kuskuren da mafi kyawun mai kasaftawa zai yi tsakaninsu ba zai haura ½e^(−B) ba. Da wannan za ka iya fassara kowace lamba. JM na 1.9 yana nufin e^(−B) ya zama 0.05, kuskure ba zai wuce kashi 2.5 cikin ɗari ba. JM na 1.7 ya ba da iyakar kashi 7.5, na 1.0 kuma kashi 25. TD ya fi sauƙin lissafi, abin da ke da muhimmanci a zamanin da kwamfuta ke da nauyin jiki, amma yakan yi saurin kai wa 2 ya nuna maka rabuwa fiye da gaskiya.

Mataki na 6: Yi lissafi ɗaya da hannu

Kafin ka amince da manhaja, ka gwada misali guda da kalkuleta. Lambobin nan na koyarwa ne kawai. Mu ce a zangon infurared na kusa kurmi yana da matsakaici 0.30 da karkata 0.03, makiyaya kuma 0.36 da 0.04.

Warwatsuwa ita ce karkata sau kanta: 0.0009 da 0.0016, matsakaicinsu 0.00125. Bambancin matsakaita 0.06 ne, sau kansa 0.0036. Kashin farko na B shi ne 0.0036 raba 0.00125, wato 2.88, raba takwas, ya ba da 0.36. A kashi na biyu, 0.03 sau 0.04 ya ba da 0.0012, 0.00125 raba 0.0012 ya ba da 1.0417, logaridim ɗinsa 0.0408, rabinsa 0.0204. Jimilla B ya zama 0.38, e^(−0.38) kusan 0.684, JM kuma 0.63. Da lambobin nan D ya fito 3.30, TD kuma kimanin 0.68, ka ga ya ɗan ɗara JM. Ma'aunin M shi ma 0.86 ne, bai kai 1 ba. Duka ukun sun yi ittifaƙi cewa wannan zango shi kaɗai ba zai raba kurmi da makiyaya ba, ko da yake a ido 0.30 da 0.36 kamar sun bambanta.

Yanzu mu koma infurared mai gajeren zango, na 6 a Landsat 8 ko na 11 a Sentinel-2, inda danshin ganye da inuwar bishiyoyi ke sa kurmi ya yi duhu. Mu ce kurmi 0.15, makiyaya 0.25, karkatar kowanne 0.02. Tunda warwatsuwarsu ɗaya ce, kashi na biyu sifiri ne. Kashin farko 0.01 raba 0.0004, wato 25, raba takwas, 3.125. JM ya zama 1.91. Rukunan ba su sauya ba, wurin da aka leƙa su ne ya sauya. Da a ce zangunan biyu ba su da alaƙa da juna, da B ɗinsu haɗuwa zai yi ya zama 3.5, JM kuma 1.94, amma a hoto na gaskiya suna da alaƙa, shi ya sa ake buƙatar cikakken jadawalin kobariyans maimakon tara lambobi.

Akwai wani abu da yakan ba masu koyo mamaki. Rukunai biyu masu matsakaici ɗaya daidai, ɗaya da karkata 0.01 ɗayan da 0.05, tazarar Yuklid tsakaninsu sifiri ce, amma JM zai ba da kusan 0.76, domin fiksel da ya yi nisa da tsakiya kusan tabbas na mai faɗin ne. Birni, da yake cakuɗen rufi da kwalta da bishiya ne, sau da yawa haka yake zama kusa da fako.

Mataki na 7: Gudanar da awon a manhaja ka karanta sakamako

A ENVI umarnin shi ne Compute ROI Separability, yana fitar da JM da TD tare, a ƙarshen rahoton kuma ya jera rukunan bibbiyu daga mafi cakuɗewa zuwa mafi rabuwa. A ERDAS Imagine yana cikin Signature Editor ƙarƙashin Evaluate. A SCP ka zaɓi rukunan ka tura su zuwa Spectral Signature Plot, wato zanen hasken kowane rukuni a kowane zango, a can za ka sami tazarorin. Rukunai k suna ba da k(k − 1)/2 na gwami, wato haɗin rukunai bibbiyu: shida sun ba da 15, takwas 28.

Kafin ka karanta komai ka tabbatar da sikelin manhajarka. Wasu na rubuta JM kamar yadda na kawo shi, iyakarsa 2. Wasu na ɗaukar saiwarsa, iyakar ta zama 1.414. ERDAS kuma yana ninka su da dubu, JM ya tsaya a 1414, TD a 2000. Na taɓa ɓata kwana biyu ina sake shata samfuran wani aiki saboda rubutun lissafi da wani abokin aiki ya ba ni yana ta fitar da 1.38, ina ɗauka rukunan sun lalace, ashe mai saiwa ne, kuma 1.38 sau kansa 1.90 ne. Hanyar ganewa ba ta da wuya: ka dubi gwamin ruwa da busasshiyar ƙasa, lambar da ya ba ka ita ce rufin sikelin.

A sikelin 0 zuwa 2, abin da aka saba shi ne sama da 1.9 rabuwa ce mai kyau, daga 1.7 zuwa 1.9 da dama-dama, ƙasa da 1.7 akwai aiki, ƙasa da 1 kuwa a yi tunanin haɗe rukunan. Waɗannan iyakoki al'adar masu aiki ce da aka ga tana da amfani, kada ka ɗauka 1.89 faɗuwa ce 1.91 kuma nasara. Kada kuma matsakaicin jadawalin ya ruɗe ka. Cikin gwami 15, idan 14 sun ba da 2.0 ɗaya ya ba da 0.8, matsakaici 1.92 ne, abin sha'awa a rahoto, amma in wannan ɗayan shi ne gona da makiyaya, kuma aikin da aka ba ka na ƙididdige faɗin gonaki ne, to taswirar ba ta biya buƙata ba. Daga ƙasan jerin ake fara karatu.

Mataki na 8: Gyara gwamin da ya cakuɗe

Ka zana fiksel ɗin rukunan biyu a kan zanguna bibbiyu ka ga inda suka haɗu, sannan ka koma hoton ka gano samfuran da suka haifar da haɗuwar. Sau da yawa samfuri ɗaya ne aka yi wa suna ba daidai ba, kuma cire shi kaɗai ya isa. Idan samfuran duk daidai suke, ka duba ko ɗaya daga rukunan yana buƙatar a raba shi, kamar yadda muka yi bayani a mataki na uku.

Idan hakan bai yi ba, bayanin da ke hannunka ne ya gaza, sai a ƙaro. Wanda ya tsaya kan zangunan mita 10 na Sentinel-2 ya shigo da na gefen ja, wato 5 da 6 da 7, da na 11 da 12, waɗanda ke taimakawa sosai wajen rarrabe tsirrai. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne hoto na biyu daga wani lokaci na shekara, domin gona da makiyaya na iya zama kore iri ɗaya a tsakiyar kakar noma, amma lokacin huɗa ko bayan girbi gonar tsirara take. Inda gajimare suka hana samun hoto na biyu, radar Sentinel-1 yana ratsa su. Tsayin ƙasa da gangarenta na raba rukunan da wurin zamansu ya bambanta, ma'aunin kaushin hoto kuma yakan raba birni da fako. Idan duk an gwada lambar ta ƙi tashi, ka haɗe rukunan ka faɗa a rahotonka cewa wannan hoto ba ya raba su. Taswira mai rukunai biyar da za a iya dogara da ita ta fi mai takwas da uku daga ciki canki-canki ne.

Akwai gyaran da ba gyara ba ne, kuma kusan kowa yakan faɗa cikinsa sau ɗaya. Idan ka yi ta yanke samfura kana barin kurmi mafi duhu da makiyaya mafi haske kaɗai, warwatsuwa za ta ragu, JM zai hau 1.99, rai ya yi daɗi. Amma filayen da ka jefar suna nan a hoton, manhaja kuma dole ta ba su suna. Ƙa'idar da nake bi ita ce ba na cire samfuri sai na iya faɗin laifinsa ba tare da ambaton lambar JM ba: inuwa ce, ko bakin iyaka, ko suna ba daidai ba.

Mataki na 9: Yi amfani da awon wajen zaɓen zanguna

Ma'aunan nan suna kuma nuna waɗanne zanguna ne suka cancanci shiga kasaftawa. Ka lissafa JM ga kowane haɗin zanguna ka kwatanta. Zaɓen uku cikin shida haɗi 20 ne, huɗu cikin goma kuma 210, duk abin da kwamfuta ke gamawa nan take. Idan zangunan sun kai ɗaruruwa, kamar a hotunan haifasfektiral, ba a iya gwada duka, sai a fara da mafi kyau guda, a riƙa ƙara wanda ya fi ɗaga tazarar har ƙarin ya daina tasiri. Akwai mizani biyu: haɗin da ya ba da matsakaici mafi girma, ko wanda ya fi ɗaga gwami mafi rauni. ERDAS na ba da zaɓin duka biyun, ni kuma na biyun nake bi saboda dalilin da na faɗa a mataki na bakwai.

Za ka lura duk zangon da ka ƙara lambar hawa take yi, ba ta sauka. Kada ka ɗauka hakan na nufin a zuba komai. Gordon Hughes ya nuna a 1968 cewa idan yawan samfuri bai ƙaru ba, ƙara siffofi na inganta kasaftawa zuwa wani matsayi ne, daga nan sai ta fara lalacewa. Dalilin a bayyane yake: jadawalin kobariyans na zanguna 6 yana da lambobi 21 da za a ƙiyasta, na zanguna 20 kuwa 210, kuma fiksel ɗari ba za su ƙiyasta lambobi 210 da inganci ba. A irin wannan hali JM zai nuna 2.0 a ko'ina, abin da ya kamata ya sa ka zargi ƙarancin samfuri. Ka sake lissafin da rabin samfuran, sannan da ɗaya rabin. Idan sakamakon biyu sun yi hannun riga, ka ƙaro samfuri ko ka rage zanguna.

Mataki na 10: Kasafta, sannan ka gwada da wuraren da ka kulle

JM da TD sun fi dacewa da hanyar kasaftawa ta mafi rinjayen yiwuwa, domin ita ma a kan rabon Gauss aka gina ta. Idan wasu hanyoyin kasaftawa kamar Random Forest ko SVM za ka yi amfani da su, waɗanda ba su damu da tozo ɗaya ba, lambobin ishara ce kawai: gwami mai JM ƙasa-ƙasa saboda rukuni mai tozo biyu na iya rabuwa lafiya a wurinsu, amma gwamin da fiksel ɗinsa suka hau kan juna da gaske ba wata dabara da za ta raba shi. Ka tuna kuma awon bibbiyu yake yi, kuma bai san rukunin da ka manta ba ka shata ba, kamar ƙonannen fili ko dausayi, wanda zai faɗa cikin wani rukunin ko da jadawalinka duk 2.0 ne.

Bayan taswira ta fito, ka ɗauko wuraren da ka kulle a mataki na biyu ka gina jadawalin kuskure, wato mai kwatanta sunan da taswira ta ba kowane wuri da ainihin abin da ke ƙasa, ka ajiye shi gefe da gefe da jadawalin JM. A ƙa'ida, gwamin da ya fi rauni a can shi zai fi yawan kuskure a nan. Idan ka ga kuskure mai yawa tsakanin rukunan da JM ya ce sun rabu sarai, samfuran horonka ba su wakilci faɗin rukunin ba, sai ka koma mataki na biyu ka shata ƙari a wuraren da kuskuren ya taru. A rahotonka ka rubuta kwanan watan hoton, zangunan da ka yi amfani da su, yawan fiksel da yawan filayen kowane rukuni, sigar JM da sikelinta, sannan ka kawo jadawalin gwami-gwami gaba ɗayansa har da layukan da ba su yi kyau ba.